Fastar da kiyashi ya tona wa asiri

Kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Wasu tattabaru suke kiwo, ni kuwa tsofaffin takardun fim nake tarawa: fastoci, kwalayen kaset, da 'yan hotunan nan da ake kafewa a allon ƙofar silima a da. Akwatin ƙarfe guda ne a ƙarƙashin gadona maƙil da su. Matata "amarya" take kiran akwatin, kuma ba ta murmushi in za ta faɗa.

Wanda bai yi yarinta a Kano kafin bidiyo ya cika gidaje ba, da wuya ya gane ciwon. Ga silimar Plaza a Fagge, ga Orion a Ƙofar Wambai, ga Eldorado a Sabon Gari. Mu ba mu da kuɗin shiga, ko da muna da su ma bulala na jiranmu a gida, don a lokacin ɗan da aka gani a silima an gama yanke masa hukuncin lalacewa. Sai mu tsaya gaban allo, mu ƙura wa hotuna shida ko takwas ido, mu ƙulla labarin da kanmu. Washegari a makaranta mu ba da shi tiryan-tiryan, har da yadda Dharmendra, Sarkin Ƙarfi, ya tashi mutum goma da naushi ɗaya. Fim nawa na ba da labarinsu ban taɓa gani ba, Allah ya yafe mini.

Da na girma sai na zama, a ganina, gwani. Na san hoton gaske da hujin ƙusa a kusurwoyinsa huɗu, da ɗan zoben tsatsa a bakin kowane huji. Na san fastar asali da layin ninki, da yadda takardar ke komawa ruwan ƙasa, da wani wari kamar na tsohon sito. A majalisa in aka taɓo zancen fim, ni ke yanke gardama. Ni ke tuna musu cewa Turmin Danya na 1990 shi ya buɗe ƙofar finafinan Hausa na bidiyo. Abu ɗaya ya gagare ni shekara da shekaru: fastar Sholay, na 1975, mai Amitabh da Dharmendra da mugun nan Gabbar.

Ana saura mako uku Sallah wani mai gyaran rediyo ya raɗa mini cewa akwai wani dattijo a cikin gari da ya yi aikin haska fim a zamaninsa, kuma yana da ita. A aljihuna akwai dubu hamsin na ɗinkin yara. Na ce wa kaina gani kawai zan je yi.

Na tarar da shi a zaure kan buzu, ga carbi, ga furfura fes. Kusa da ƙofar akwai teburin mai shayi, ban ma kula da shi ba. Bayan mun gaisa na faɗi abin da ya kawo ni. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Yaro, wa ya gaya maka? Ai wannan ba ta sayarwa ba ce."

Nan fa ya gama da ni. Ya shiga ciki ya fito da ita a naɗe cikin tsohon zani, ya warware a hankali kamar mai buɗe jariri. Ga layin ninki. Ga huji huɗu da tsatsarsu. Ga launin ƙasa-ƙasan nan. Na kai hanci, na ji wani ɗan ƙamshi mai daɗi da ban saba ji ba, na ce a raina lallai haka takardar Indiya take in ta tsufa.

"Tare da faifan fim ɗin ta zo daga Bombay," in ji shi. "Da hannuna na kafe ta." Har ya sa gefen rawani ya share ido.

"Baba, a yi mini alfarma."

Ya ce dubu tamanin. Na ce talatin. Ya ce albarka, ya fara naɗewa. Zuciyata ta yi tsalle ta dawo. A dubu arba'in da biyar ya sallama, yana cewa don ya ga na san darajarta ne. Ragowar biyar ɗin na kai wa mai gilashi ya yi mata firam.

A gida na sauke hoton aurenmu daga bangon falo na rataye ta a wurin. Wannan kuskure ne na daban, ba zan shiga cikinsa yau ba. Na gayyato 'yan majalisa, suka zo suka yi ta jinjina kai, ni kuwa ina tsaye da tsinken tsintsiya ina nuna musu tsatsar ƙusa.

Ran kwana na uku da safe na ji matata daga falo: "Baban Ummi, zo ka ga baƙi."

Kiyashi ne, layi guda tun daga bakin taga, sun bi bango sun shige ƙarƙashin gilashin, sun yi dandazo a fuskar Gabbar. Ta riƙe haɓa ta ce, "Wai mugun naka ciwon suga gare shi?"

Na ɓalle firam ɗin hannuna na rawa. Ta dangwala yatsa a yawu, ta shafa gefen takardar, ta kai baki. "Lipton ne," ta ce. Ta sake lasa. "Kuma mai haɗin ba ya rowar sukari."

Ina cikin cewa ai zafin Kano kan sa tsohuwar takarda ta yi danƙo, sai Ummi, 'yar aji huɗu, ta buɗe wani ninki a can ƙasa da aka lanƙwasa baya. "Abba, ga lambar waya." Ta fara karantowa da ƙarfi kamar a gaban malami: sifili, takwas, sifili. Wayar salula ta GSM dai sai 2001 ta shigo Najeriya. Ko dai Indiyawan 1975 sun yi duba, ko kuwa ni aka duba.

Na buga lambar. Wani saurayi ya ɗauka, ƙarar injin buga takardu na tashi a bayansa. Na ce ina tambaya ne kan fastar Sholay. Ya ce, "Guda nawa kake so, Alhaji? Dubu ɗaya da ɗari biyar ce, in goma ne akwai ragi."

Ban karya ba na nufi cikin gari, ina ta shirya maganganu a hanya. Da na iso sai idona ya buɗe. A kan rumfar mai shayin nan ga fastoci uku an shanya, an danne su da duwatsu. A gefe ga gwangwanin madara cike da ruwa, ƙusoshi na jiƙe a ciki suna yin tsatsa.

Na shimfiɗa tawa a gaban dattijon, sauran kiyashin na ta gudu a kai. "Baba, a ji tsoron Allah. Dubi nan."

Ya sa tabarau, ya duba da kyau, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya leƙa waje ya daka wa mai shayin tsawa: "Kai! Sau nawa zan gaya maka na fasta ba a sa masa sukari?"

Ya juyo gare ni da fuskar ban haƙuri. Kuɗi dai, ya ce, sun riga sun shiga hidimar Sallah, amma ba zai bar ni na tafi da ɓacin rai ba. Akwai wata ta bushe tun jiya, ruwan bunu zalla aka yi mata, ko ƙuda ba zai sauka a kai ba. In cika dubu biyu kawai.

Na tuna da 'yan majalisa da suka ce za su dawo ran Juma'a da wani baƙo daga Zariya. Na tuna da ƙusar da ke bangon falo.

Na ce, "Baba, a yanke lambar wayar tukuna."