Waken da Turai ta ƙi, tukunyar wa ya faɗa?

Shekara goma ke nan ana maimaita mana zance ɗaya: ana nan ana ƙoƙari, an kusa shawo kan Tarayyar Turai ta ɗage takunkumin da ta sa wa busasshen waken Najeriya. A watan Yunin 2015 aka sa shi da niyyar shekara guda. Da shekarar ta cika aka ƙara uku, 2019 ta zo aka sake ƙara uku, daga nan aka ma daina lissafin wa'adi. Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda jami'ai ke ɗaukar lamarin tamkar wata rigimar takardu ce da za a kashe da ziyarar wakilai da sa hannu, alhali tushenta na cikin sito, a Dawanau da kasuwannin ƙauye da ke ciyar da ita.

Turawa sun faɗi dalilinsu ƙarara. Sun auna waken da ake kai musu suka sami sinadarin dichlorvos, wato abin da ke cikin magungunan ƙwari irin su Sniper da fiya-fiya. Dokarsu ba ta yarda ya wuce miligiram 0.01 a kowane kilo ba, amma suka riƙa samun daga 0.03 har zuwa 4.6. A yi lissafi: mafi sauƙinsa ninki uku ne, mafi muninsa ninki 460. Masu cewa baƙin ciki ne kawai Turawa ke mana don kare manomansu, sai su nuna mana gonakin farin wake nawa ne a Jamus da ake tsoron mu karya musu kasuwa.

Sai an san ƙwaron wake kafin a gane abin da ke kai ɗan kasuwa ga kwalbar guba. Tun a gona ƙwaron ke fara saka ƙwai a jikin kwanso, a shigo da shi gida ba a sani ba. Tsutsar na ƙyanƙyashewa ta huda ƙwayar ta shige ciki, ta ci ta girma, cikin mako uku zuwa huɗu na zafi ta fito cikakken ƙwaro, ta bar wannan ramin da kowace uwargida ta sani. Macen kuma ta sake zuba ƙwai gommai a kan waken da ke kusa. Wanda ya sayi wake da kaka yana jiran tsadar bazara, in ya bar shi a buhun da iska ke shiga, kafin wata huɗu zuwa shida zai buɗe ya tarar da gari da ƙwari. Jarinsa ne gaba ɗaya a wurin. Shi ya sa zai baje waken a tamfol, ya tsarma maganin da ruwa ko ma ya yayyafa shi haka nan, a juya da shebur, a ɗura, a ɗinke. A ƙarshen 2018 bidiyon irin wannan aiki ya yaɗu a waya har hukumar kare haƙƙin masu saye ta yi gargaɗi. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwa. Duk wanda ke shiga layin masu maganin feshi ya san ko hanin ya yi aiki.

Mu masu saye ma da namu laifin. Mace za ta damƙi wake ta duba, in ta ga huda biyu ta ajiye, mai awo kuma ya ce mata, “Hajiya, ga wannan, tas yake, ko ƙwaro ɗaya babu.” Ba ta tambayi abin da ya hana ƙwaron zama ba. Dichlorvos na cikin jinsin magungunan da ke taɓa jijiya: in ya yi yawa a jiki sai dalalar miyau, gumi, murɗawar ciki, amai, sarƙewar numfashi. Wanki da dafuwa na rage shi, amma ba wanda zai tsaya a gaban tukunyar alala ya ce ga adadin da ya saura.

To ina Hukumar Killace Kayan Gona ta Najeriya, NAQS, a nan? Aikinta a doka, wadda aka sa wa hannu a 2018, shi ne tsare ƙasa daga cututtukan tsirrai da na dabbobi da na kifi, da tantance abin da zai fita. Mai fitar da kaya zai nemi a duba masa, jami'i ya ɗebi samfuri, a bincika ƙwari da cuta, a yi turaren kashe ƙwari in da buƙata, sannan a ba shi takardar shaidar lafiyar kayan wadda ƙasar da za a kai ke nema. Tsarin ba shi da aibi a takarda. Aibinsa shi ne inda ya tsaya. Kwantena guda ta wake tarin kayan mutane ne masu yawa: ɗan kasuwa ya haɗa daga Ɗambatta, daga Maigatari, wani ma ya tsallako daga Maraɗi ko Damagaram, an zube wuri ɗaya an sake ɗurawa. Jami'in da ke tashar jirgin ruwa a Legas ba shi da hanyar sanin buhun wa aka yi wa feshi, yaushe, da me. In samfurin ya faɗi, iyakarsa ya hana kayan fita. Daga nan mota ta juya da su kasuwa. Ba a ƙone su ba, ba a binne su ba. Sun zama ƙosai da ɗanwake da garau-garau.

Nan ne masu cewa “a ƙara ɗakunan gwaji a tashoshin ruwa, shi ke nan” suka bar jaki suna dukan taiki. Abin da Najeriya ke fitarwa Turai ko kafin takunkumin ɗan tsiraru ne idan aka gwada da abin da muke ci, mu da muka fi kowace ƙasa a duniya noman wake, Nijar na bin mu. A tace wa Bature kwantena hamsin a bar sauran miliyoyin buhuna yadda suke, wannan kare kasuwar wasu 'yan tsiraru ne aka yi.

Abin takaicin shi ne maganin matsalar ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Buhun PICS mai hawa uku, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ɓullo da shi tare da takwarorinsu a arewacin Kamaru, aka kuma fara yaɗa shi gadan-gadan a 2007, a Kano ma ana ƙera shi. Leda biyu ne masu kauri a ciki, sai buhun saƙa a waje. A shanya wake ya bushe sosai, har in an ciza ya ce ƙas. A duba ledojin a hasken rana ko akwai huda. A zuba, a matse iskar da ke sama, a murɗe bakin leda ta farko a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. Ƙwarin da ke ciki da kansu za su shanye iskar su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Inda ake samun matsala sananne ne: a ɗaure ledojin a haɗe, ko a riƙa buɗewa duk mako ana ɗiban na miya, ko a jingina buhun da bango ɓera ya huda, ko a sayi jabu mai siririyar leda. Duro da jarka masu murfi mai kama iska su ma haka suke aiki.

Manyan sito kuwa da ƙwayar da ake kira bom suke amfani. Ƙwaya mai giram 3 na sakin giram 1 na iskar fosfin, kuma in an yi daidai ba ta barin guba a jikin hatsi kamar fiya-fiya. Daidai ɗin shi ne a rufe tarin ruf da tamfol marar huda, a danne gefuna, a bar shi kwana biyar zuwa bakwai, a kwashe tokar da ta rage, a sha iska. Jefa ta tsirara cikin buhun da ke numfashi a ɗakin da yara ke kwana, asarar kuɗi ce, horar da ƙwaro ne ya saba da magani, wani lokaci kuma jana'iza. Kada kuma wani ya ce irin wake na SAMPEA 20-T na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Zariya ya raba gardama. Tsutsar da ke cin fure da kwanso a gona yake jurewa, ƙwaron rumbu bai san da zamansa ba.

NAQS ta taɓa nuna tana iyawa. Da Meziko ta dakatar da zoɓonmu saboda ƙwaron khapra, an zauna da masu fitarwa, an samar da wuraren turare da aka amince da su, ciniki ya dawo. Sai dai zoɓo na hannun 'yan kasuwa ƙididdigaggu, kuma dala ce a ciki, shi ya sa kowa ya tashi tsaye.

Abin da wake ke buƙata shi ne a sauko da aikin inda ake ɗura buhu. A yi wa masu manyan sito rajista, a riƙa ɗibar samfuri a Dawanau ba da sanarwa ba, a buga sakamakon kowa ya gani, wanda aka kama a ƙwace kayan a lalata su. Malaman gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma ta Jihar Kano, da takwarorinsu su koma nuna ɗaurin buhu a ranar kasuwa. Za a ce wannan hurumin NAFDAC ne, ko na jiha, ko na ƙaramar hukuma. To su zauna su raba, don a halin yanzu tiyar waken da ake aunawa a kasuwar Rimi ba ta da hukuma ko ɗaya da ke duba ta.