Ranar da idona ya kai ni ƙara

Wata Juma'a ce. Asibitinmu na shirin barin fayil ɗin takarda ya koma manhajar kwamfuta, sai aka turo mana wata ɗaliba mai digiri na biyu da wata 'yar na'ura siririya kamar rula. Ta manna ta a ƙasan allon kwamfuta, ta ce, "Dakta, kwantar da hankalinka, manhajar muke gwadawa, ba kai ba." Na san irin wannan magana. Da ita nake ce wa yara allura ba zafi.

Ta ce na'urar haska ido take yi da irin hasken rimot ɗin talabijin, wanda mutum ba ya gani. Kyamara ta kama baƙin ido da ɗan ƙyallin da ke dawowa daga samansa, sau 60 a daƙiƙa ɗaya, daga nan ta lissafa inda kake kallo. Amma sai an fara saita ta da idon mutum: ɗigo zai riƙa yawo wurare 9 a allo, ni kuma in bi shi da kallo.

Na bi. Na'ura ta ce ba ta gan ni ba. Na cire tabarau, na sake bi. Ta ƙi. Karo na uku na zaro ido kamar mujiya, har hawaye ya taru. Yarinyar ta yi ta sosa keya, can ta sunkuyar da kai ta ce, "Dakta, don Allah ka yi haƙuri... kwalli ka sa?"

Kwalli kuwa na sa, na Juma'a, tsarabar Hajiyata daga Saudiyya, kuma ban yi masa rowa ba. Ashe na'urar wuri mafi baƙi take nema ta ce nan ne ƙwayar ido, ni kuma na ba ta zaɓi har ya yi mata yawa. Na je famfo na dirje da sabulu, na fito ido jajir. Wata nas ta tare ni a baranda: "Innalillahi, Dakta, wa ya rasu?"

Da aka samu na'urar ta karɓe ni, aka ba ni majinyacin ƙarya mai tari da zazzaɓi, aka ce in duba bayanansa in rubuta magani. Abin da nake yi kullum. Kafin minti biyu na rubuta amoksisilin, na jingina da kujera ina jiran yabo.

Sai ɗalibar ta buɗe taswirar kallona. Inda ido ya daɗe ja ne, inda ya ɗan ratsa kore. Jan da ya fi kowanne girma, kamar an fasa tumatir, yana can ƙasa ta hannun dama: agogo. To ina laifina, liman ɗinmu ƙarfe ɗaya yake hawa mumbari. Na biyu yana kan maɓallin rufe saƙo. Shi kuwa akwatin da ya ce jikin majinyacin ba ya karɓar fenisilin, ko ƙuda bai sauka a kansa ba. Amoksisilin kuma ɗan gidan fenisilin ne, ɗalibin aji uku ma ya sani.

Na ce wallahi na karanta. Ba ta yi musu ba, bidiyo kawai ta kunna. Ga ɗigon idona yana tsalle kamar fara. Kafin a karanta kalma sai ido ya tsaya a kanta wajen rubu'in daƙiƙa. Nawa wucewa ya yi kamar direban da ya hango 'yan karɓar haraji. Akwatin saƙo shida na rufe kafin wannan, wani na sauya kalmar sirri, wani na sabunta kaza, duk launi ɗaya, wuri ɗaya. Hannuna ya riga ya haddace hanya.

Ina jiran faɗa, sai na ga tana murna. "Alhamdulillah, Dakta, abin da muke nema ke nan!" Wai dole a canza wa gargaɗin launi da mazauni.

Bayan wata guda ta gabatar da sakamako a taron likitoci. Ta cika alkawari, ba ta ambaci sunan kowa ba. Taswirata ta fito a bango da "Likita na 4", a ƙasa kuma da ƙananan haruffa: an samu jinkiri sai da ya wanke kwalli.

Ba a buƙaci wata na'ura ba kafin a san inda idanun ɗakin suka nufa.