A daina ce wa manoma maganin gona "na halitta" ba ya cutarwa

Makon jiya na raka ƙanena mai lambun tumatir a wajen Kadawa zuwa wani shagon kayan noma a Kano. Shukarsa na yaushi da rana tsaka alhali ƙasa na jiƙe, kuma da ya tumɓuke guda ɗaya sai ya ga saiwar duk ƙulle-ƙulle kamar carbi. Aikin tsutsar saiwa ke nan, wadda ido ba ya gani. Mai shago ya ɗauko wata leda, ya yage, ya zuba garin a bokiti, ya dama da hannunsa tsirara. "Alhaji, wannan na halitta ne," in ji shi, "ko yaro ya lasa ba abin da zai same shi." Yana faɗa yana share gumin goshinsa da bayan hannun nan, dab da ido.

Na karɓi ledar na duba. An rubuta Paecilomyces lilacinus. Babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa, babu gargaɗi ko ɗaya.

Wannan magana ta "ko yaro ya lasa" ita ce yanzu a bakin dillalai, da masu talla a Facebook, har ma da wasu 'yan boko da ke yawon taron bita suna wa'azin noma ba sinadari. Ita ce ta dame ni, domin ƙarya ce, kuma ƙaryar da idon mutum zai iya tafiya a kanta.

Abin da ke cikin ledar fumfuna ce mai rai, irin wadda ke zaune a ƙasa tun fil azal. Tun 2011 masana suka sauya mata suna zuwa Purpureocillium lilacinum, amma 'yan kasuwa na nan da tsohon sunan. A ƙarshen shekarun 1970 masu bincike a cibiyar dankalin turawa da ke ƙasar Peru suka lura tana mamaye ƙwan tsutsar saiwa. Zarenta kan manne a ɓawon ƙwan, ya fitar da sinadarin da ke narkar da shi, ya kutsa ciki ya cinye ɗan tsutsar kafin ya ƙyanƙyashe. Aiki ne mai kyau, kuma ni ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Masu cewa a watsar da shi a koma wa tsohuwar guba ba su cancanci dogon martani ba: su tuna fiya-fiyar da aka riƙa zuba wa wake ce ta sa Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Najeriya a 2015.

Sai dai likitocin ido sun san fumfunar nan ta wata fuskar. A 1975, a Amurka, mutum 13 da aka yi wa aikin yanar ido aka dasa musu gilashin roba sun kamu da ita, saboda ruwan da aka wanke gilasan da shi ya gurɓata, kuma da dama cikinsu sun rasa idon. A farkon shekarun 1990, a wani asibiti a Suwizalan, ta bi man shafawa ta shiga jikin masu jinyar cutar dajin jini da waɗanda aka yi wa dashen ɓargo. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne taurin kanta. Amphotericin B, maganin da likitoci suka daɗe suna dogaro da shi a kan cututtukan fumfuna masu tsanani, ba ya yi mata komai. Sai an nemo irin su voriconazole, wanda ba kowane kyamis ke da shi ba, kuma ba kowane aljihu ke iya ɗauka ba.

Gaskiya ne waɗannan ɓarkewar ba daga maganin gona suka taso ba, kuma mai cikakkiyar lafiya da wuya ta kama shi. Wannan ce hujjar 'yan "na halitta", suna ƙarawa da cewa ai dama tana cikin ƙasar da muke takawa. To, ɗan abin da ke warwatse a ƙasa daban, ledar da aka cika da biliyoyin ƙwayoyin iri a kowane giram daban. Sannan wa ya ce musu duk mai shiga lambu cikakkiyar lafiya gare shi? Akwai dattijo mai ciwon suga da gyambo a ƙafa, yana tsaye ba takalmi cikin ruwan ban-ruwa. Akwai mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki bai ma sani ba. Akwai wanda aka yi wa aikin ido kyauta a watan jiya, ya dawo gona da wuri don babu mai yi masa. Kuma babu manomin da ganye ko ƙaiƙayi bai taɓa karce masa ido ba. Ta irin wannan ɗan rauni fumfuna ke shiga baƙin ido. Sai ido ya yi ja yana hawaye, a je kyamis a sayo maganin ɗigawa mai rage kumburi, wanda shi kuma ƙara wa fumfuna ƙarfi yake yi. Kafin a yi shawarar tafiya Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, hakiya ta riga ta rufe.

Ga kuma inda masu tallan ba sa son a je. Lokacin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi wa wannan magani rajista a 2005, ba duk dangin fumfunar ta amince da su ba. Iri guda ne, mai lamba 251, wanda aka samo a Filifin, kuma cikin dalilan amincewar har da cewa ba ya iya girma a zafin jikin ɗan Adam. Wasu 'yan uwansa suna iya girma. Ledar da mai shagon nan ya dama da hannu ba ta faɗi wane iri ke ciki ba, shi ma bai sani ba, wanda ya shigo da ita ma ina tantamar ya tambaya. Da wace hujja yake rantsuwa da lafiyar yaran mutane? Ɗaukar takardar shaidar wani a liƙa wa wani ha'inci ne, ko a kasuwar shanu aka yi shi.

Abin takaici, su masu wannan zuzutawa su ne za su kashe kasuwar abin da suke so. Ranar da aka ji wani ya makance a ƙauye aka danganta da "garin nan na halitta", ko da gaske ne ko ba gaske ba, babu malamin gonar da zai sake shawo kan manoma su taɓa shi, kuma kowa zai koma wa guba.

NAFDAC ta shiga shagunan nan ta kwashe duk ledar da ba ta da rajista da lambar iri. A rubuta gargaɗi da Hausa, har da ajami, cewa a sa safar hannu da takunkumi da abin kare ido, kuma mai rauni a jiki ko wanda aka yi wa aikin ido kwanan nan ya bar wa wani damawa. Ƙanena dai bai sayi ledar ba. Ya bar kuɗinsa sai ya samu mai lamba, wannan fegin kuma ya ce baɗi masara zai zuba a ciki.