A Bar Tsoron Kulorin a Ruwan Sha, a Ji Tsoronsa a Banɗaki

Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Sai ka ji mutum ya ce shi ba ya shan ruwan famfo don yana jin warin kulorin, wai guba ake ɗura wa mutane. Shi ɗin kuma za ka same shi a banɗaki, ƙofa a rufe, ya tuttula bilic ya bi shi da maganin wanke masai mai asid, wai don wurin ya fita tas. Wallahi a nan gubar take.

Kulorin ɗan gidan halojin ne, rukuni na 17 a jadawalin sinadarai, su ne da fulorin da buromin da aidin. Kowannensu ilektiron 7 gare shi a zagayen waje (ilektiron su ne 'yan mitsi-mitsin abubuwan da ke zagaye tsakiyar ƙwayar zarra), saura ɗaya su cika 8, shi ya sa ba sa samun natsuwa sai sun fizgo ɗayan nan daga jikin wani. Kulorin tsagwaronsa iska ce mai kisa, da ita sojojin Jamus suka halaka mutane a Ypres ta ƙasar Beljiyam a 1915. Amma da zarar ya karɓi ilektiron daga sodiyam, ya zama gishiri ke nan.

Wannan halin fizgar ne ke mana aiki a ruwa. Ɗan kaɗan ake sakawa, ya huda jikin ƙwayoyin cutar kwalara da taifot ya lalata su. Birnin Jersey City na Amurka ya fara zuba shi a ruwan gari a 1908, sauran birane suka bi sahu, mace-macen taifot suka yi ƙasa sosai. Warin da kake ƙorafi a kai alama ce cewa akwai ragowar da ke gadin ruwan a cikin bututu har ya iso gare ka. Gaskiya ne idan ya haɗu da dattin ganyayyaki a ruwa yakan haifar da wasu sinadarai marasa kyau, shi ya sa ake tace ruwan tukuna. Amma ina haɗin wannan da kwalara, mai iya ƙarar da ruwan jikin yaro cikin sa'o'i?

A cikin bilic kuwa kulorin a ɗaure yake, asid ke kwance shi ya tashi a matsayin iska. Ta ninka iskar da muke shaƙa nauyi kusan sau biyu da rabi, don haka ƙasa take kwantawa, daidai inda ka sunkuya kana goge-goge, daidai tsayin ƙaramin yaro. Ido ya fara ruwa, tari ya sarƙe ka, ƙirji ya ɗaure. Haka in aka haɗa bilic da amoniya, sinadarin da ke cikin wasu magungunan goge-goge, su ma mugun tururi suke fitarwa.

Don Allah kada ku haɗa bilic da komai sai ruwa. In kuwa an riga an haɗa, ku fitar da yara, ku bar ƙofa da taga a buɗe, kada wanda ya koma ciki wai zai ɗauraye. Duk wanda numfashinsa ke sarƙewa a garzaya da shi asibiti.