Kafin Ka Tura wa Dillalin Dubai Kuɗinka

'Yan uwana matasan 'yan kasuwa, musamman ku na Kantin Kwari da Wapa da kuka saba hawa jirgi zuwa Dubai saro kaya, akwai abin da ya daɗe yana damuna. Allah ya buɗa wa wasunmu, an fara tara ɗan abin hannu, sai ga dillalan gidaje sun cika mana waya da bidiyo: bene mai hawa arba'in, wurin ninƙaya a samansa, ga teku ana hange, wai ka ba da kashi 10 ko 20 kafin alƙalami, saura a hankali. Na ga wanda bai taɓa sayen fili a Kano ba tare da ya taka shi da ƙafarsa ya nemi mai unguwa ba, amma ya tura miliyoyi saboda bidiyon minti biyu.

Dillanci sana'a ce ta halal, kuma baƙo ba ya rabuwa da dillali a garin da ba nasa ba. Tun 2002 Dubai ta ba baƙi damar mallakar gida, amma a keɓaɓɓun unguwanni irin su Dubai Marina da Palm Jumeirah da Business Bay. Dillalin kirki shi zai nuna maka inda doka ta yarda ka saya, ya gaya maka abin da gidajen layin suke kawowa na haya, ya tsaya maka wajen takardu har a miƙa maka shaidar mallaka daga hukumar filaye ta Dubai. Wannan ya ci la'adarsa da guminsa.

Sai dai ka fara tambayar kanka: wa ke biyansa? Idan ginannen gida ne kake saya daga hannun mai shi, bisa al'ada kai za ka ba dillali kashi 2 cikin ɗari. Idan kuwa gidan yana kan takarda ne, ba a gina ba, kamfanin gini ne ke biyansa, shi ya sa zai ce maka ba ya son ko sisinka. Kada wannan ya sanyaya maka jiki. Wanda kamfani ke ba la'ada, ribarsa tana cikin ka sa hannu yau, kuma zai fi tura ka wajen kamfanin da ya fi ba shi tsoka. Ko a kasuwar shanu ta Wudil mun san dillalin mai saniya daban, na mai saye daban.

Iyayenmu sun ce ba a cinikin biri a sama, kuma sayen gidan da ba a gina ba ɗan uwan wannan ne. A 2008 da 2009 farashin gidaje a Dubai ya faɗi da kusan rabi, ayyuka da yawa suka tsaya cak, mutane suka zauna da rasit a hannu. Dokar 2007 ta wajabta wa kowane kamfani buɗe asusun amana na musamman ga kowane aiki, inda kuɗin masu saye ke shiga, ba a fitar da shi sai gwargwadon yadda gini ke tafiya. To, nan kuɗinka zai shiga. Duk dillalin da ya ce ka tura asusunsa, ko na wani ɗan canji a unguwar Deira ta Dubai don "ya fi sauri", ka rufe maganar ko da yarenku ɗaya, ko da sahu ɗaya kuke sallah. Wallahi wannan ne ya fi ƙona min rai, domin yawancin waɗanda aka cuta, da Hausa aka yi musu magana. Kowane dillali na gaskiya yana da kati mai lamba daga RERA, hukumar da ke sa ido kan harkar, kuma da manhajar Dubai REST za ka duba sunansa da aikin ginin kana zaune a shagonka.

Yanzu mu zo lissafi, don nan ne samari ke zamewa. Gidan dirhami miliyan 1, hukumar filaye za ta karɓi kashi 4, wato 40,000. La'ada 20,000 idan ginanne ne, ban da harajin da ke kanta. Bayan ka karɓi makulli akwai kuɗin kula da gini da za ka riƙa biya duk shekara, ko da ɗan haya ko babu. Sannan ga babbar: dirhami ɗaure yake da dala, kusan 3.67 a dala ɗaya, kai kuma naira kake samu. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 750 a kasuwar canji, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda yake da biyan dirhami 100,000 a gabansa, abin da ya yi shirin naira miliyan 20 a kai ya koma sama da miliyan 40, kasuwarsa kuwa ba ta ninka ba. Idan ka kasa biya, bayan wa'adin kwana 30 doka ta ba kamfani damar soke ciniki ya riƙe har kashi 25 ko 40 na farashin gidan baki ɗaya, gwargwadon inda gini ya kai. Na farashin gidan fa, ba na abin da ka biya ba. Dillali nawa ne suka karanta muku wannan sashen?

Haka zancen izinin zama. Gaskiya ne gidan da ya kai dirhami miliyan 2 yana buɗe ƙofar neman bizar shekara goma, amma nema ne, hukuma ke da ikon bayarwa. Kun dai tuna daga Oktoban 2022 aka daina ba 'yan Najeriya biza, ba a dawo ba sai Yulin 2024. Mai gida a can da ba shi da izinin zama, sai dai ya kalli hotonsa a waya.

Ranar sayarwa ma dillalin za ka nema, kuma a nan ne na nesa ya fi rauni. Sai kamfanin da ya gina ya ba da takardar cewa ba ya bin ka bashi, kuma idan gini bai ƙare ba, yawancinsu ba sa barin ka sayar sai ka biya wani kaso mai tsoka. Idan ba za ka iya zuwa ba, har sai ka ba wani takardar wakilci, lauya ya rubuta ta a kan gida ɗaya, aiki ɗaya, da wa'adi, kuma cakin kuɗin ya fito da sunanka.

Abu na ƙarshe, don Allah kada wani babba ya ce a sayi gida da sunanka don ya ɓoye abin da ya kwasa. Dillalan can wajibi ne su kai rahoton duk cinikin da aka biya tsabar kuɗi dirhami 55,000 ko fiye, kuma sunan da ke kan takarda shi za a kira. Wanda kuma ya riga ya saya da halaliyarsa, yau ɗin nan ya zaunar da matarsa da babban ɗansa ko ɗan uwansa, ya nuna musu takardar mallaka, da sunan ginin, da lambar ɗakin, da abin da ya rage ba a biya ba.