Talaka ba shi da takardar albashi

Wanda ya rubuta ƙa'idar da aka hana wata yarinya tallafin karatu da ita bai taɓa zama da talaka ba. Ga labarin. Ta ci jarrabawa, jami'a ta ɗauke ta, tallafin kuɗin makaranta kuma an ce na 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne. Sai aka ce ta kawo takardar albashin mahaifinta da shaidar biyan haraji. Mahaifin lebura ne, ranar da ya samu aiki a ci, ranar da bai samu ba a haƙura. Wa yake ba shi albashi, balle takardarsa?

Jama'a, rashin takardar nan shi ne shaidar talaucin. Wanda yake da albashin da za a buga a takarda ya riga ya fi wanda ba shi da shi. To a ce mai takarda ya shiga, marar takarda ya tsaya a waje, wa aka yi wa tallafin ke nan?

Kada kowa ya ce irin mahaifinta tsiraru ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da rahoto a 2018 cewa mutum biliyan 2, sama da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, suna neman abinci ne a ayyukan da ba su da rajista. A Afirka abin ya kusa kashi 86. 'Ya'yan waɗannan ne aka ce ana nema, su ne kuma ƙa'idar take fara zubarwa.

Na san za a ce ana gudun 'yan damfara. Haba! Mai kuɗi ne ya san inda ake haɗa takarda, shi ne ya san wanda zai buga masa hatimi. Ƙa'idar ba ta tare shi, talaka take tarewa. In tantancewa ake so da gaske, a je gidan a gani da ido, a tambayi makarantar sakandaren da ta gama, malamanta sun san wanda ake kora kan kuɗin makaranta. Masu cewa wannan zai ci kuɗi, ku bari don Allah. Ko a Amurka fom ɗin FAFSA, wanda ɗalibai ke cikewa don neman tallafin karatu daga gwamnati, ya taɓa haura tambaya 100, har sai da majalisa ta yi doka a 2020 aka rage shi, don an ga tsawonsa yana korar waɗanda aka yi shi dominsu.

Wallahi abin yana ci mini rai. Yarinya ta yi duk abin da ke hannunta, an kayar da ita kan abin da ba ta da iko a kai.

Sannan wannan ɗabi'a ta jera waɗanda suka samu tallafin a ɗauke su hoto a baza a intanet, ita ma a daina. Yaro zai koma aji washegari, kowa ya san halin gidansu. A tura masa saƙo, a biya kuɗin, a bar shi ya yi karatunsa.