Dukiyar yaro tasa ce, ko yana cikin zanen goyo

Mutane da yawa sun ɗauka duk abin da yaro ya samu, gado ne ko kyauta ko diyya, ya zama na iyayensa, tunda su ke ci da shi. A doka ba haka abin yake ba. Jariri ma yana mallakar gida da fili. Abin da bai da iko a kai shi ne sayarwa da ƙulla ciniki, shi ya sa ake damƙa wa iyaye riƙon dukiyar bisa amana har ya girma, wanda a yawancin ƙasashe shekara 18 ke nan.

Riƙon yana da iyaka. Uba zai iya karɓar kuɗin hayar gidan da 'yarsa ta gada daga mahaifiyarta, ya gyara rufin da ke yoyo, ya adana rasit. Amma ya ɗauki kuɗin ya biya bashin kansa, ko ya ƙara aure da su, wannan cin amana ne, kuma kotu na iya ƙwace riƙon ta ba wani. A Faransa, iyaye ba sa sayar da gidan yaro sai da izinin alƙali.

Shari'ar Musulunci ma ta tsaurara. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta umarci mai riƙon maraya ya miƙa masa dukiyarsa da zarar ya balaga kuma an ga hankalinsa, a gaban shaidu. Mawadaci ya kame hannunsa, mabuƙaci kuwa ya ci gwargwadon buƙata.